Tambayoyin Masu Karatu: Inzayim Mai Gyara Harafi Ɗaya, Daga Bakteriya Zuwa Maganin Sikila

Tambayoyin wannan watan sun taru ne a kan abu guda, wato inzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai a jiki) ɗin da ke sauya harafi a jikin tRNA (zaren da ke kai kayan haɗa furotin) da kuma irin amfanin da likitanci ya fara samu daga gare shi. Mun zaɓi shida daga ciki.

Ni ɗalibi ne a fannin sinadaran jikin halitta, ina aji uku. An ce mana akwai inzayim mai "gyaran" tRNA. Me yake gyarawa, kuma me zai faru idan babu shi? (Ɗalibi daga Unguwar Rimi)

Ɗana, fara da lissafi. Ana rubuta umarnin haɗa furotin da haruffa huɗu, A, U, G da C (a DNA, T ce a madadin U), kuma ana karanta su uku-uku. Kowane uku shi ake kira kodon. Kodon 64 ne gaba ɗaya, 3 na tsayar da aiki ne, 61 kuma suna nuna amino asid guda 20. Mai kawo amino asid ɗin wurin haɗi shi ne tRNA, ɗan ƙaramin zare mai haruffa 76 zuwa 90. Ka ɗauke shi ɗan dako: kaya a kai, shaidar haruffa uku a hannu, wato antikodon, a gurbi na 34, 35 da 36. Idan shaidar ta dace da kodon sai ribosom, wato injin haɗa furotin, ya karɓi kayan.

Da a ce kowane kodon sai da nasa ɗan dakon, da ana bukatar iri 61. To amma babu su haka. A 1966 Francis Crick ya yi bayanin dalili: harafi na uku a kodon ba a matsa masa, akwai sassauci tsakaninsa da gurbi na 34. Shekara ɗaya kafin nan, a 1965, Robert Holley ya karanta jerin haruffan tRNA mai ɗaukar alanin a yis, ya tarar da wani baƙon harafi a antikodon, inosin, wanda ake rubutawa I. Antikodon ɗin IGC ne.

Babu I a cikin DNA. A jikin ƙwayar gadon A aka rubuta, sai bayan an kwafo tRNA ne inzayim yake zuwa ya mayar da A ɗin I. Yadda yake yi kuwa, akwai zinki a cikin bakinsa da ke riƙe ƙwayar ruwa, wani gulutamet ya zare mata haidurojin ɗaya, abin da ya rage ya afka wa kabon na 6 na adenin, rukunin amino ya fita a matsayin amoniya, oksijin na ruwan ya maye gurbinsa. Shi ke nan aikin. Amma A a gurbi na 34 da U kaɗai take jituwa sosai, I kuwa tana karanta U da C da A. Ɗan dako ɗaya mai IGC ya ishi GCU, GCC da GCA.

A bakteriya sunan inzayim ɗin TadA, biyu iri ɗaya ne suke haɗuwa, kuma a E. coli tRNA guda kawai suke taɓawa, na ajinin. A yis sunansu Tad2 da Tad3, André Gerber da Walter Keller suka bayyana su a 1999. A jikinmu kuma ADAT2 da ADAT3, suna gyara tRNA na amino asid takwas: alanin, ajinin, aisolusin, lusin, furolin, serin, tireyonin da balin. ADAT2 shi ke da gulutamet ɗin da ke aikin, ADAT3 ba shi da shi, taimakonsa wajen kamo tRNA ne da saita shi. Kowanne shi kaɗai ba ya tsinana komai. Akwai kuma ADAT1 mai aiki a gurbi na 37 na tRNA ɗin alanin, kada ka haɗa su a jarrabawa.

Idan babu shi fa? A waɗannan iyalai takwas jikinmu kusan ba shi da tRNA mai G a gurbi na 34, saboda haka kodon masu ƙarewa da C sun dogara ga I ne kacokan. Ribosom zai iso GCC ya tsaya jiran ɗan dakon da ba zai zo ba. Shi ya sa idan aka cire ƙwayar gadon wannan inzayim a E. coli ko a yis, ƙwayar halittar mutuwa take yi.

Ina sayar da magani. Na ga an rubuta cewa tavaborole yana aiki ne a "wurin gyara" na wani inzayim na tRNA. Shi ne wannan? (Mai kantin magani, Kasuwar Barci)

A'a Malam, gyara biyu ne suka yi tarayya a suna. Wanda muka yi bayani a sama harafi yake sauyawa. Wanda ka gani kuwa na inzayim ɗin da ke ɗora wa tRNA kaya ne. Wasu amino asid sun yi kama ƙwarai, kamar balin da aisolusin, sai a ɗora wanda ba shi ba. Saboda haka inzayim ɗin yana da aljihu na biyu inda yake duba kayan ya sauke na kuskure. Tavaborole yana ɗauke da boron, yana shiga wannan aljihu a inzayim ɗin lusin na fungas, ya manne da harafin ƙarshe na tRNA, ya kulle su tare. Haɗa furotin ya tsaya, fungas ya mutu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014 don fungas na farcen ƙafa, ana shafawa kullum har mako 48. Wani ɗan'uwansa, ganfeborole, ana gwada shi a kan tarin tibi.

Ni da maigidana 'yan wa da ƙani ne. Ɗanmu na biyu yana da shekara huɗu, bai fara magana sosai ba, kuma yana da harara-garke. Wata ta ce mini akwai cutar gado mai suna ADAT3 da ke kawo haka. Ita ce? (Wata uwa daga Tudun Wada)

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Cutar da aka gaya miki gaskiya akwai ta. Masu bincike a Riyad ta Saudiyya suka fara bayyana ta a 2013 a wasu iyalai masu auren zumunci. Sauyin harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon ADAT3, ya sa metiyonin ta zauna a inda balin ya kamata ta kasance, ana rubuta shi V144M. Inzayim ɗin bai mutu ba, rauni ya yi, yana dunƙulewa, inosin ya ragu a jikin tRNA. Ƙwaƙwalwa mai tasowa ita ta fi jin jiki. Alamomin da aka fi gani su ne jinkirin koyo da magana, harara-garke, rashin girma yadda ya kamata, sanyin jiki tun ana jariri, wani lokaci ƙanƙantar kai ko farfaɗiya.

Gadonta irin na sikila ne. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da kwafi ɗaya, su lafiyarsu ƙalau, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Wannan ba laifinki ba ne, ba kuma na maigida ba.

Sai dai da ido ba a gane ta, kuma ba ta da yawa. A nan ƙasarmu abubuwan da suka fi kawo jinkiri ga yaro su ne doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin maƙoshi, da rashin ji. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali yaron da ba ya ji da kyau ba zai yi magana da wuri ba. Ki kai shi wurin likitan yara, ki tafi da labarin haihuwarsa dalla-dalla: ya yi kuka nan take, idonsa ya yi rawaya, ya taɓa suma. A gwada jinsa, a auna sinadarin maƙoshi a jini. Idan duk waɗannan ba su nuna komai ba, sannan a yi maganar gwajin da ke karanta ƙwayoyin gado, wanda shi kaɗai ke tabbatar da ADAT3.

Idon kuwa kada a jira. Ƙwaƙwalwa tana daina amfani da idon da ya karkace, kuma bayan shekara bakwai zuwa takwas dawo da ganinsa yana wuya. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna. Tabarau, rufe ido mai kyau na wasu sa'o'i a rana, ko tiyata, duk ana yi, ko mene ne musabbabin.

'Yata SS ce, shekararta tara. Na ji a rediyo cewa Turawa sun samo almakashin da ke gyara sikila. Ɗana ya ce daga wani inzayim na tRNA aka yi shi. Ina gaskiyar take, kuma yaushe zai iso mu? (Wani uba daga Rigasa)

Alhaji, ɗanka ya yi gaskiya, amma abubuwa biyu ne aka cakuɗa. Almakashin shi ne Cas9, yana yanke DNA gida biyu. Da shi aka yi maganin Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba, a kan dala miliyan 2.2. Wanda aka yi da inzayim na tRNA ba ya yankewa, harafi ɗaya yake sauyawa a inda yake, kuma a ganinmu shi ne ya fi cancantar a sa masa ido.

Ga asalinsa. Kusan rabin cututtukan gado da sauyin harafi ɗaya ke kawowa, gyaransu shi ne a mayar da A ta koma G. A da, ba a san wani inzayim da ke yin haka a DNA ba. Sai Nicole Gaudelli, a ɗakin binciken David Liu a Amurka, ta ɗauko TadA na E. coli, tunda ya saba kama A a lanƙwasar zare guda na antikodon. Ta yi masa sauye-sauye barkatai, ta zuba a bakteriya waɗanda aka lalata musu ƙwayar gadon jure maganin kashe ƙwayoyi da harafi ɗaya, sannan ta zuba musu maganin. Duk wadda TadA ɗinta bai iya gyara DNA ba ta mutu, wadda ta rayu aka ɗauki nata aka sake zagaye. Zagaye bakwai aka yi, aka sami ABE7.10 mai sauyi 14, aka wallafa a 2017. A 2020 aka fito da ABE8e da ya fi shi sauri sau ɗaruruwa.

A cikin ƙwayar halitta, ana ɗaure TadA a jikin Cas9 da aka dakushe. Wani zaren RNA mai haruffa 20 yana yi musu jagora zuwa wurin. Cas9 ya buɗe igiyar DNA, zare ɗaya ya fito fili, TadA ya mayar da A ta zama I a 'yar taga ta haruffa huɗu zuwa biyar. Sai a ɗan tsaga ɗaya zaren don ƙwayar halitta ta ɗauka shi ne mai matsala. Tana gyarawa tana karanta I a matsayin G, ta sa C a gabanta. A da T sun koma G da C ke nan.

Sikila kuwa, a kodon na 6 na ƙwayar gadon beta-gulobin GAG ya zama GTG, balin ta maye gulutamet. Wannan kayan aiki ba ya iya mayar da T zuwa A, don haka ba ya dawo da jinin AA. Hanya biyu aka bi. Ta farko, a gyara A da ke fuskantar T ɗin a ɗaya zaren, GTG ya zama GCG, wato alanin. Wannan nau'in himogulobin ana kiransa Makassar, akwai mutanen da aka haifa da shi kuma jininsu ba ya lanƙwashewa. An nuna haka a ƙwayoyin jinin masu sikila da a ɓeraye a 2021. Ta biyu, a sake kunna himogulobin na jarirai, wanda shi ke kare yaro a watanni shida na farko kafin ciwon ya bayyana. Ita ce hanyar maganin BEAM-101 da ake gwadawa a mutane.

Yanzu ga abin da rediyo ba ya faɗa. Ana fara sauya wa mai jinya jini na kusan wata biyu. A ba shi plerixafor don iyayen ƙwayoyin jini su fito daga ɓargo, ba a ba da G-CSF da aka saba domin yana tayar da ciwon sikila. A tace su da na'ura, sau da yawa fiye da zama ɗaya. A kai su ɗakin gwaji a shigar da kayan gyaran da bugun lantarki. Sannan a ba shi busulfan kwana huɗu don a kashe tsohon ɓargo, a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara, ya zauna a keɓe mako huɗu zuwa shida ba shi da garkuwar jiki. Busulfan ɗin nan shi ne babban haɗarin. Yana iya hana haihuwa har abada, yana taɓa hanta da huhu, kuma a 2024 kamfanin da ke yin BEAM-101 ya sanar da rasuwar mutum ɗaya a gwajinsa saboda matsalar numfashi da aka danganta da shi. Shi kansa TadA yana da kurakurai: idan akwai wata A a cikin tagar ita ma sai ya sauya ta, kuma tunda asalinsa na RNA ne, yakan koma ya taɓa RNA na ƙwayar halitta. An rage wannan da ƙarin sauyi irin V106W, ana kuma ba da shi a matsayin mRNA, wato saƙon umarnin haɗa shi, don ya yi aiki na ɗan lokaci ya ɓace.

Abin da ke ba mu fata shi ne gyara a cikin jiki ba tare da cire ɓargo ba. A Fabrairu 2025, a asibitin yara na Filadelfiya, an yi wa wani jariri mai cutar hanta ta CPS1 ƙarin ruwa ɗauke da irin wannan inzayim a cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo, an ƙera shi don shi kaɗai cikin kimanin wata shida. Hanta tana tsotse irin wannan maiƙo cikin sauƙi, ɓargo kuwa ba haka ba, a nan aikin ya rage. Ranar da aka iya kai shi ɓargo da allura, ranar ce zancen zai shafi Najeriya da gaske, ƙasar da ake haifar yara masu sikila kimanin 150,000 a shekara.

Kafin nan, 'yarka tana da abin da ke hannu. Ka tambayi likitanta game da hydroxyurea, wanda shi ma himogulobin na jarirai yake ƙarawa. An gwada shi a asibitocin Kano da Kaduna wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A yi mata hoton gudun jini a jijiyoyin kai duk shekara, idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa haɗari ya yi yawa. Gidan sauro, rigakafi, ruwa da yawa, rigar sanyi da hunturu, kuma zazzaɓi ya kai 38.5 asibiti a ranar. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa da jininsu ya dace ana yin sa a ƙasar nan tun 2011 da aka fara a birnin Benin.

Magungunan sammore sun fara gazawa a garken da nake dubawa. Ko wannan inzayim zai zama hanyar sabon magani? (Likitan dabbobi, Kawo)

Dakta, tunaninka yana kan hanya, amma maganin bai samu ba tukuna. Ƙwayar tiripanosoma mai kawo sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, tana da nata ADAT2 da ADAT3, kuma nata yana da abin mamaki: ban da A zuwa I a gurbi na 34, yana mayar da C zuwa U a gurbi na 32 na tRNA ɗin tireyonin, amma sai wani inzayim, TRM140, ya fara liƙa wa C ɗin metil suna tare. Ɗakin binciken Juan Alfonzo a Ohayo ya nuna haka a 2017, kuma a 2022 an ga siffar inzayim ɗin riƙe da tRNA. Matsalar ita ce saniya da mutum suna da irinsa, bakin zinkin kuma kusan ɗaya ne, duk abin da ya toshe na ƙwayar zai iya toshe na mai ita. Inda ake fatan samun bambanci shi ne mahaɗarsa da TRM140.

A garke kuwa, gazawar diminazin da isometamidiyom yawanci daga ƙiyasin nauyi da ido ne, da tsinka magani fiye da ƙa'ida, da jabu. A auna ƙirjin dabba da tef, a duba jini kafin allura da kuma mako biyu zuwa uku bayanta. Cibiyar binciken sammore ta ƙasa hedkwatarta a Kaduna take.

Ina digiri na biyu, ina so in nuna akwai inosin a tRNA na samfurina. Na yi RT-PCR sau uku ban ga komai ba. (Ɗaliba daga Zariya)

'Yar'uwa, dabarar ita ce inzayim mai kwafo RNA zuwa DNA yana karanta I kamar G, don haka inda ƙwayar gado ta nuna A, kwafinki zai nuna G. Wurare huɗu ake faɗuwa.

Na farko wajen tatsa. Yawancin bututun tacewa na kit suna zubar da duk RNA da bai kai haruffa 200 ba, tRNA ɗinki ya tafi da ruwan wanki. Yi amfani da TRIzol: mililita 1, kulorofom 0.2, juyawa a 12,000 g minti 15 a sanyin digiri 4, ki kwashi ruwan sama, aisofurofanol 0.5, ki bar shi ya kwana a -20, ki wanke da etanol kashi 80. Ki tabbatar da shi a jel na foliyakirilamaid kashi 10 zuwa 15 mai yuriya mola 7, tRNA zai fito ƙasa da layin 5S mai haruffa 120. Agaros ba zai nuna miki wannan da kyau ba.

Na biyu RNase. Yana hannu, yana cikin ƙurar hunturu, kuma tukunyar turara kayan aiki ba ta gama da shi. Safar hannu, tsinin fifet mai tace, ruwan da aka tabbatar ba shi da RNase. Idan wuta ba ta tsayawa, ki ajiye samfurin a RNAlater: wata ɗaya a digiri 4, mako ɗaya a 25, amma kwana ɗaya kacal a 37, ki tuna da zafin Maris da Afrilu.

Na uku, kuma shi muka fi zargi a naki, tRNA a naɗe yake tamau kuma cike da wasu sauye-sauye. Metil da ke kan A58, da G26, da gurbi na 37 suna tare hanya, kwafin ya katse kafin ya cika. Ki dumama RNA da firaima a digiri 90 minti biyu zuwa uku, ki bari su huce a hankali, ki yi kwafin da inzayim mai jure zafin digiri 55 zuwa 60. Idan da hali ki fara cire metil ɗin da AlkB. Idan za ki liƙa adafta a wutsiya, sai kin sauke amino asid ɗin tukuna da Tris mai pH 9 a digiri 37 na minti 30 zuwa 45. Ki sa DNase, ki kuma ajiye bututu ɗaya da ba a sa masa inzayim ɗin kwafi ba, domin gurɓatar DNA za ta ba ki A zalla ki ɗauka babu gyara.

Na huɗu wajen karantawa. Abin da PCR zai ba ki bai kai haruffa 80 ba, na'urar Sanger kuma tana ɓata 30 zuwa 50 na farko. Ki saka shi a fulasmid, ki karanta kwafi 20 zuwa 30 daban-daban, ki ƙirga nawa ne G nawa ne A, ki jera su da jerin DNA na samfurin nan dai. Idan mai duba aikinki ya nemi hujja ta biyu, ki jiƙa rabin RNA ɗin da akirilonaitiril, wanda ke manne wa inosin ya hana a kwafe shi: G ɗin da ya fito daga I zai ragu ko ya ɓace a wannan rabin, G na asali kuma ya zauna yadda yake.